Fursuna Tsakanin Jiha da Tarayya a Amurka: Yadda Ake Kare Masa Kwanakinsa da Haƙƙinsa

Wanda ya saba da tsarin Nijeriya zai sha mamaki a nan. Har zuwa gyaran tsarin mulki na 2023, duk gidajen yarin Nijeriya na gwamnatin tarayya ne, ko da kotun jiha ce ta ɗaure mutum. A Amurka kowace jiha da nata gidajen yarin, gundumomi da nasu kurkukun, tarayya kuma da tata hukumar gidajen yari da ake kira BOP. Laifi ɗaya, kamar na bindiga ko ƙwaya ko damfara ta intanet, yana iya jawo tuhuma daga jiha da tarayya duka, kuma Kotun Ƙoli ta sake tabbatar da halaccin hakan a shari'ar Gamble ta 2019. Idan ɗan'uwanka ya faɗa tsakanin hukumomin nan biyu, asarar da ta fi yawan afkuwa ita ce ta kwanaki: ya yi shekara biyu a tsare, ranar lissafi a ce ba ta shiga ba. Yawancin wannan asara ana tare ta ne kafin alƙali ya yanke hukunci, shi ya sa matakan farko suka fi nauyi.

Mataki na 1: Gano wa ke da shi

Ƙa'idar ta samo asali daga shari'ar Ponzi da Fessenden ta 1922: hukumar da ta fara kama mutum ita ke da haƙƙin farko a kansa, kuma wa'adinta za a fara yi. Haƙƙin nan yana barin hannunta ta hanya huɗu: ta ba da belinsa, ta janye tuhuma, ta yi masa sakin talala, ko wa'adinsa ya cika.

Ginin da yake kwana a ciki ba ya nuna wa ke da shi. Jami'an Mashal, masu tsare waɗanda ke jiran shari'ar tarayya, ba su da isassun wurare, sukan yi hayar gadaje a kurkukun gundumomi. Ke nan fursunan tarayya yana iya kwana a kurkukun gunduma, fursunan jiha kuma yana iya shafe wata goma a gidan tsaron tarayya alhali na jiha ne. Haka nan kasancewar jami'an tarayya a wurin kamen ba hujja ba ce. Abin dubawa shi ne da sammacin wa aka kama shi, kuma da tuhumar wa aka shigar da sunansa rajista a daren farko.

Sai lauya ya nemo takarda uku: ta rajistar kurkuku ta ranar kamu, jerin abin da ya gudana a kotun jiha da ta tarayya, da takardar Mashal mai lamba USM-129, wadda ke nuna ranar da suka karɓe shi, daga hannun wa, da kowane wuri da suka kai shi.

Mataki na 2: A gane aro

Idan jiha ce ta fara kamawa, tarayya kuma tana son gurfanar da shi, alƙalin tarayya yakan ba da umarnin da ake kira habeas corpus ad prosequendum. Aro ne zalla, kamar aron tukunyar maƙwabciya ranar biki: a yi girki, a wanke, a mayar. Mashal za su ɗauke shi, a yi shari'a, a yanke hukunci, su mayar da shi jiha tare da takardar cewa in jiha ta gama da shi a kira su.

Doka biyu ne ke aiki a nan, duka a sashe na 3585 na kundi na 18 na dokokin tarayya. Ta farko ta ce wa'adin tarayya yana farawa ranar da aka karɓi mutum domin kai shi inda zai yi wa'adin, kuma ba ya taɓa farawa kafin ranar yanke hukunci. Ta biyu ta ce ana lissafa masa kwanakin da ya yi a tsare kafin hukunci, da sharaɗin ba a riga an lissafa su a wani wa'adin ba. Kwana ɗaya ba ya biyan bashi biyu. Kuma tun shari'ar Wilson ta 1992, BOP ce ke wannan lissafi, a cibiyarta ta DSCC da ke Grand Prairie a jihar Teksas. Alƙali yana iya rubuta "a lissafa masa kwanakin da ya yi", BOP ta duba ta ga jiha ta riga ta ci kwanakin, ta ce babu.

Ga misali da lambobi. 'Yan sandan jiha sun kama mutum a Janairun 2022, ba a ba shi beli ba. A Yuni tarayya ta are shi. A Maris na 2023 alƙalin tarayya ya ɗaure shi wata 60, bai ce komai game da shari'ar jiha ba. Aka mayar da shi, alƙalin jiha ya ɗaure shi shekara 3 daga ranar kamu, ya ƙara da cewa wa'adin ya tafi tare da na tarayya. Kowa ya koma gida da murna. A Janairun 2025 wa'adin jiha ya cika, Mashal suka zo suka ɗauke shi, BOP ta fara ƙirga wata 60 daga ranar. Wata tara da ya yi a hannun Mashal jiha ta cinye su. Umarnin alƙalin jiha kuwa ba ya ɗaure BOP, domin ikonsa a kan wa'adin jiha ya tsaya. Da alƙalin tarayya ne ya furta kalmar "tare", da wa'adin ya fara a Maris na 2023, an rage masa wata 22.

Mataki na 3: Abin da za a roƙa kafin hukunci

Nan ne aikin yake, kuma sai lauyan jiha da na tarayya sun yi magana da juna. Sau da yawa ba su san juna ba, kowa yana fama da tulin fayil ɗinsa, sai dangi sun haɗa su ta waya.

Hanya mafi tsabta ita ce a mayar da haƙƙin farko hannun tarayya. Lauyan jiha ya roƙi alƙali ya ba da beli, ko na jeka-ka-dawo ba tare da kuɗi ba. Tunda tarayya tana jiransa ba gida zai je ba, hannun Mashal zai faɗa, amma daga ranar ya zama na tarayya. Wa'adin tarayya zai fara ranar hukunci, sannan idan alƙalin jiha ya ce nasa ya tafi tare, maganarsa ta zauna, domin jiha ce ke lissafa kwanakin gidan yarin tarayya a nata wa'adin. Sai a tabbata kwafin umarnin belin ya isa ofishin Mashal, in ba haka ba za su ci gaba da ɗaukarsa a matsayin ɗan aro, su mayar da shi jiha.

Idan hakan bai yiwu ba, a roƙi alƙalin tarayya ya rubuta a takardar hukunci cewa wa'adin zai tafi tare da na jiha, da lambar shari'ar jihar, ya kuma ba da shawarar a ayyana gidan yarin jiha a matsayin wurin yin wa'adin tarayya. Tun shari'ar Setser ta 2012 yana da ikon yin haka ko da jiha ba ta yanke nata hukuncin ba tukuna. Shiru a nan cuta ne: sashe na 3584 ya ce wa'adin da aka yanke a lokuta daban-daban bi-da-bi ake yin su, sai in alƙali ya ce a haɗa.

Sauran watannin da jiha ta riga ta ci fa? "Tare" gaba take aiki, ba ta komawa baya. Maganinsu yana sashe na 5G1.3 na jagorar yanke hukunci ta tarayya: idan laifin jihar da na tarayyar abu ɗaya ne ya haife su, alƙali yana iya zare watannin daga adadin da zai furta. A misalin da ya gabata, maimakon wata 60 ya ce 46, wato ya zare wata 14 na daga kamu zuwa hukunci, ya rubuta dalili. Wannan ragin BOP ba ta da ta cewa a kansa. Iyakar da ke akwai ita ce laifin amfani da bindiga wajen fataucin ƙwaya ko ta'asa, na sashe na 924(c), wanda doka ta hana a haɗa wa'adinsa da kowane wa'adi.

A karanta takardar hukuncin da zarar ta fito. Kwana 14 ne kacal alƙali ke da shi na gyara kuskure bayyananne, kwana 14 kuma na shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara.

Mataki na 4: Idan aikin gama ya gama

Akwai sauran ƙofa ɗaya. Bisa shari'ar Barden da Keohane ta 1990, fursuna yana iya roƙon BOP ta ayyana gidan yarin jihar da ya zauna a matsayin wurin wa'adinsa na tarayya, ta koma da lissafi baya har ranar hukuncin tarayya. Sunan wannan roƙo nunc pro tunc. Dole BOP ta duba shi, amma ba dole ta amince ba. Takan rubuta wa alƙalin da ya yanke hukuncin ta ji ra'ayinsa, ta ba shi kwana 60. Lauya mai wayo yakan riga ta zuwa wurin alƙalin da bayanin halin fursunan a gidan yari da takardar hukuncin jiha mai cewa a haɗa. Idan alƙalin tarayya tun farko ya ce bi-da-bi, ƙofar a rufe take.

Da isarsa gidan yarin tarayya, ya nemi takardar lissafin wa'adinsa daga jami'in da ke riƙe da fayil ɗinsa. Ya duba ranar fara wa'adi, kwanakin baya da aka ba shi, da ragin kyakkyawan hali, wanda ke kaiwa kwana 54 a kowace shekarar hukunci. Kwanakin da jiha ba ta lissafa ba, kamar idan ta janye tuhumarta, dole su shiga nan. Idan wa'adin biyu tare suke tafiya, ya tambayi ragin Willis da na Kayfez. Su ne wurare biyu da BOP ke yarda kwanakin kafin hukunci su amfane shi duk da jiha ta ƙirga su, kuma sun dogara ne da wanne wa'adi ya fi nisan ƙarewa.

In lissafin bai yi daidai ba, ga tsanin ƙorafi. A fara da sulhu ta fom BP-8. Sai BP-9 zuwa ga shugaban gidan yarin cikin kwana 20, shi ma yana da kwana 20 na amsawa. Sai BP-10 zuwa ofishin shiyya cikin kwana 20 da amsarsa, su amsa cikin 30. Sai BP-11 zuwa hedkwata cikin kwana 30, su amsa cikin 40. Idan lokacin amsa ya wuce, har da ƙarin da suka nema, shirun ƙi ne, a hau mataki na gaba. Bayan nan ne ake zuwa kotu ƙarƙashin sashe na 2241 na kundi na 28, a kotun tarayya ta yankin da yake tsare, a kan shugaban gidan yarin, da kuɗin shigarwa dala 5. Masu kai wannan ƙara kotun da ta ɗaure su sukan yi asarar watanni kafin a ce musu sun yi makuwa.

Mataki na 5: Takardar riƙo da yarjejeniyar IAD

Takardar riƙo, wadda a can ake ce wa ditena, sanarwa ce daga wata hukuma cewa tana da tuhuma a kan fursuna, kada a sake shi sai an gaya mata. 'Yar takarda ce amma tana da dafi: takan ɗaga matakin tsaron da za a ajiye shi, ta hana shi sansani mai sassauci, ta toshe masa gidan share fagen komawa gari, shekara da shekaru ba tare da an gurfanar da shi ba.

Domin haka aka yi yarjejeniyar IAD tsakanin jihohi kan gaggauta shari'ar fursunan da ke da takardar riƙo, wadda tarayya ta shiga a 1970. Jihohi 48 suna ciki, ban da Luwiziyana da Misisifi. Ta shafi wanda ya riga ya fara wa'adi kuma akwai tuhumar da ba a saurara ba. Ba ta shafi mai jiran shari'a ba, ba ta shafi riƙon shige da fice ba, kuma shari'ar Carchman ta 1985 ta cire riƙon saɓa sharaɗin talala daga cikinta.

Ga yadda ake amfani da ita. Hukumar gidan yari za ta sanar da shi riƙon da haƙƙinsa, ta fom na ɗaya. Ya cike fom na biyu, na neman a yi shari'ar. Ya miƙa wa ofishin ajiyar bayanai na gidan yarin, su haɗa da fom na uku mai nuna wa'adinsa da na huɗu mai miƙa shi, su aika ta wasiƙar rajista zuwa ga mai gabatar da ƙara da kotun. Daga nan jihar tana da kwana 180 ta gurfanar da shi, in ba haka ba a kori tuhumar, korar da ba dawowa.

Tarkon yana wurin fara ƙirga. A shari'ar Fex da Mishigan ta 1993 Kotun Ƙoli ta ce kwana 180 yana farawa ranar da takardar ta isa hannun mai gabatar da ƙara da kotu. Idan ta kwanta wata uku a tebur ɗin magatakarda, fursuna ne ya yi asara. Saboda haka ya ajiye kwafi mai ranar da ya miƙa, bayan sati biyu ya nemi ganin koren katin da gidan waya ke dawowa da shi da sa hannun mai karɓa, dangi kuma su kira rajistaran kotun su ji ko an shigar.

Idan mai gabatar da ƙara ne ya nemi a kawo shi, lissafin daban ne: gwamnan jihar da ke riƙe da shi yana da kwana 30 na ƙin amincewa, shari'a kuma ta fara cikin kwana 120 da isarsa. Haka nan ba a mayar da shi kafin a gama shari'ar. A shari'ar Alabama da Bozeman ta 2001 an ɗauko fursunan tarayya, aka gabatar da shi, aka mayar washegari, tuhumar ta mutu saboda wannan kwana ɗayan. Tarayya dai ta yi wa kanta sassauci: idan ita ce ta ɗauko, alƙali yana iya korar ƙara ya bar ƙofar sake shigarwa. Kuma umarnin aro shi kaɗai ba ya tayar da IAD, sai in an riga an sa riƙo, kamar yadda shari'ar Mauro ta 1978 ta fayyace.

Abu biyu kafin ya sa hannu. Cike fom na biyu yarda ce a kai shi jihar ba tare da ya ƙalubalanci miƙawar ba, kuma ya tayar da duk tuhumar jihar da ke da riƙo a kansa. Wani lokaci hakan riba ne, domin in an yi shari'ar da wuri akwai damar haɗa wa'adi. Wani lokaci tayar da tsohuwar shari'ar da shaidunta suka watse ne. Sai ya shawarci lauya. Na biyu, lauyan kansa yana iya zubar da haƙƙin: a shari'ar Hill ta 2000, amincewar lauya da ranar da ta wuce kwana 180 ta isa. Ya gaya wa lauyan ranar da ƙirgar ta fara tun haɗuwarsu ta farko.

Mataki na 6: Lafiya, kaya da takardu a hanya

Fursuna ba shi da haƙƙin zaɓen inda za a ajiye shi. A shari'ar Olim ta 1983 an kai ɗan Hawai Kalifoniya, kotu ta ce ba laifi. Ba a kuma faɗa masa ranar tafiya. Akan tashe shi da asuba, ya yi sati biyu ko wata yana yawo tsakanin mota da jirgi, sau da yawa ta cibiyar sauya fursunoni ta Oklahoma, dangi ba su san inda yake ba. Shafin neman fursuna na BOP yana nuna waɗanda ke hannunta. Mai jiran shari'a a kurkukun gunduma sau da yawa ba ya fitowa a ciki, sai a tambayi lauya ko ofishin Mashal na yankin.

Haƙƙin magani yana bin sa ko'ina, bisa shari'ar Estelle ta 1976, amma fayil ɗin asibiti ba kullum yake bin sa ba. Mai ciwon suga ko hawan jini ko farfaɗiya ya haddace sunan maganinsa da adadin, ya faɗa a binciken shiga na kowane wuri, dangi kuma su riƙe kwafin takardar likita. Musulmi ya sake rubuta buƙatar abincin halal da na azumi a kowane sabon wuri, domin rajistar wancan ba ta aiki a wannan. Kayansa galibi ba sa tafiya da shi. Muhimman takardun shari'a a tura kwafinsu gida tun da wuri, domin wa'adin shekara ɗaya na ƙalubalantar hukunci ba ya tsayawa don yana kan hanya. Ya kuma rubuta wa kowace kotu sabon adireshinsa, ana korar ƙara saboda wasiƙar da ta dawo.

Idan an cuce shi, wanda za a kai ƙara ya danganta da wanda ya yi cutar. Ma'aikacin jiha ko gunduma ana kai shi ƙarƙashin sashe na 1983 na kundi na 42, ko da fursunan na tarayya ne. Sakacin ma'aikacin tarayya kuwa ana farawa da fom SF-95 cikin shekara 2. Dokar ƙarar fursunoni ta 1996 ta wajabta a ƙare tsanin ƙorafi na wurin da abin ya faru kafin kotu, don haka ya shigar da ƙorafin kafin a ɗauke shi, ya riƙe rasit.

Mataki na 7: Wanda ba ɗan ƙasa ba

Sashe na 36 na yarjejeniyar Biyana ta 1963 ya ba baƙon da aka kama haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa. Nijeriya da Gana suna cikin ƙasashen da sanarwar ta wajaba ko bai nema ba. Ɗan Nijar kuwa sai ya nema da bakinsa. Rashin sanarwa ba ya rushe shari'a, amma ziyarar jami'in jakadanci takan sa a lura da fayil.

Hukumar shige da fice, ICE, ita ce hannu na uku. Riƙonta yana neman a ƙara tsare mutum awa 48 bayan ranar sakinsa domin ta zo ta ɗauka. Zama a hannunta tsaron farar hula ne, BOP galibi ba ta lissafa shi a wa'adi, kuma wanda aka yanke wa umarnin kora na ƙarshe ba ya cin gajiyar ragin kwanakin da wata dokar tarayya ta 2018 ke ba masu halartar shirye-shiryen gyaran hali. Dabarar belin da aka bayyana a mataki na 3 sai an yi ta da lura a nan: idan riƙon ICE ne ke jira maimakon na Mashal, belin jiha zai jefa shi hannun masu kora, shari'arsa tana rataye. Kafin a biya ko sisi, lauya ya nemi jerin duk riƙon da ke kansa daga ofishin ajiyar bayanai na kurkukun, a rubuce, da sunan hukumar da ta sa kowanne da ranar da ta sa.